Mai Agashe, Fitowa ta Uku

Shekara goma sha ɗaya ina gasa naman da babu shi.
Tsinken na kara ne, tsokar soso ce da aka rina,
garwashin ƙwan lantarki ne da Siddiƙ ya lulluɓe da jar leda.
Ina fifita, hayaƙi ba ya tashi,
amma mutanen Madani na haɗiyar yawu tun daga layi na bakwai.
Sana'ata ke nan: in sa hanci ya yi wa mai shi ƙarya.

A takardar Ustaz Muzammil ba ni da suna.
"Bafallace ya shigo," haka ya rubuta,
"ya kakkarya Larabci, a yi dariya, ya fita."
Ni da aka binne cibiyata a Mai Wurno,
ni da nake ciniki da Larabci, in yi kuka da Hausa,
kullum a bayan labule sai na dabaibaye harshena
kamar jakin da ake tsoron ya shiga gonar wani.

Kar ka raina, gurɗe magana ma gwaninta ce.
Sai ka san inda gaɓa take kafin ka targaɗa ta.

Gwiwata ta hagu ta haddace tsugunno,
ta ƙi mantawa ko a kan sallaya.
Maƙogwaro ya zama rariya.
Batul mai ɗinkin kaya tana ajiye mini citta da zuma
a bayan keken ɗinkinta,
tana cewa, "Ɗahiru, likita ya ce kwana arba'in ba ɗaga murya."
Na ce, "Kwana arba'in wa zai ci da gidana, likitan?"
Ta cije zare, ba ta ce komai ba.
Ambulan ɗinta ma wata biyu ke nan yana hanya.

Ran Alhamis Rumasa'u ta zo kallo,
shekararta tara, da sabon ɗankwali.
Ɗakin ya kece da dariya, na leƙa ta gefen mafici,
ita kaɗai bakinta a rufe.
A cikin raksha, muna bin gaɓar kogi, ta ce,
"Baba, me ke lalata maka baki in an kunna fitila?"
Na ce ta dubi jiragen ruwa.
Babu ko ɗaya a kan ruwan.

Ubana ya yi agashe na gaskiya a tashar Sinnar.
Hayaƙi ya cinye masa ido ɗaya,
da ɗayan ya ga mu uku mun gama makaranta.
Bai taɓa tsugunawa don a yi dariya ba.
Tsaye yake, yana juya tsinke kamar mai buɗe littafi.

Daren Juma'a da aka ɗaga labule
ban tsuguna ba.
Na juya soso yadda yake juya nama,
na barbaɗa yajin da babu, na karkaɗe yatsu,
na buɗe baki da muryar da likita ya hana:
"A zo a ci, na gida ne, da zafinsa!"

Shiru.
Sai daga can baya, wajen kujerun araha,
wani tsoho ya amsa, "Sa mini na biyar!"
Dariyar da ta biyo baya ba irin waccan ba ce,
wannan tana da kitse.

Ustaz bai gaishe ni ba har kwana uku.
Ya zaftare mini kuɗin dare ɗaya.
A na huɗu na tsinci takardar a kan teburin Batul,
an soke kalmar nan da fensir,
an rubuta a sama, ƙanana, da alamar tambaya:
"Ɗahiru?"

Fensir ne, ana iya gogewa.
Gwiwar ma ba ta daina ba.
Batul ta zuba citta, ta ce in sha tun bai huce ba,
saura minti goma a kira mu.